RA'AYI: Rumbun makamai da gobara: Ba a fafe gora ranar tafiya

A daren Laraba 30 ga Afrilu, wayewar garin Alhamis 1 ga Mayun 2025, mazauna unguwannin da ke maƙwabtaka da Barikin Giwa a Maiduguri sun farka cikin rugugin fashe-fashe da jan harshen wuta da ya haska sararin sama. A garin da ya shafe shekaru yana ɗanɗana kuɗarsa a hannun Boko Haram, babu mai ganin laifin magidancin da ya suri 'ya'yansa ya fita da gudu cikin duhu, yana zaton maharan ne suka dawo. Daga baya rundunar sojin da ke yaƙi a Arewa maso Gabas ta fitar da sanarwa cewa ba hari aka kawo ba, tsananin zafin da ake yi a garin ne ya sa wasu makaman da ke ajiye suka fashe.

An yi wannan bayani ne domin a kwantar wa jama'a hankali, amma duk wanda ya yi masa kallon tsanaki zai ga abin tayar da hankali a cikinsa. Mahari ana iya tare shi a bakin ƙofa, ana iya fatattakar sa. Zafin bazara kuwa baƙo ne da ba ya saɓa alkawari, kowace shekara sai ya zo, kuma a Maiduguri da Sakkwato da Yola yakan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyos kwanaki a jere. Idan har zafin rana kaɗai zai iya tayar da rumbun makamai, to tambayar da ta wajaba a kan hukumomi ita ce: a wane hali aka ajiye makaman, shekarunsu nawa, kuma mutum nawa ke kwana a kusa da su?

Kafin a kai ga amsa, yana da kyau a warware wata fahimta da ta zama ruwan dare. Yawancin mutane sun ɗauka cewa idan gobara ta kama inda aka ajiye harsasan bindiga, harsasan za su riƙa fita ta ko'ina kamar ana ɓarin wuta a fagen fama. Fina-finai ne suka dasa wannan hoto a zukata. Abin da ke ba harsashi ƙarfinsa shi ne bututun bindiga. Idan aka ɗana kunama, garin da ke cikin kwanso yakan ƙone cikin ƙiftawar ido, iskar da ya haifar ta rasa mafita saboda ƙarfen bindiga ya matse ta ta kowane gefe, sai ta tunkuɗa kan harsashin ta hanya ɗaya tilo da aka bar mata. Harsashin da ke zube a cikin kwali ba shi da wannan matsi. Idan wuta ta gasa shi, siririn kwanson ne ke tsagewa, iskar ta watse, kan harsashin kuwa da yake ya fi nauyi ba ya yin nisa.

An gwada wannan a aikace. A Amurka, ƙungiyar masu ƙera bindigogi da harsasan farauta ta haɗa kai da ƙungiyar shugabannin 'yan kwana-kwana, suka ƙona harsasai masu ɗimbin yawa a cikin kwalaye da shaguna na gwaji da bayan mota, suka ɗauki hoton abin da ya faru. Sakamakon ya nuna cewa ƙarar tana da firgitarwa, ɓaraguzan kwanso suna tashi, suna iya raunata ido ko fatar da ba a rufe ba a kusa, amma harsasan ba sa tashi gaba ɗaya a lokaci guda, kuma kayan jikin ɗan kwana-kwana na yau da kullum suna kare shi idan ya tsaya a ɗan nesa. Wannan ne ya sa a tsarin Majalisar Ɗinkin Duniya na rarraba abubuwa masu fashewa ake sanya irin waɗannan harsasai a rukuni na 1.4, wato wanda haɗarinsa bai cika wuce inda kayan suke ba.

Sai dai akwai togaciya guda biyu da suka shafi gidaje kai tsaye. Ta farko ita ce bindigar da aka bari da harsashi a ɗure. Idan wuta ta gasa ta, harsashin yana cikin matsin da aka ƙera shi dominsa, zai fita da cikakken ƙarfinsa ya nufi duk inda bakin bindigar ke kallo, ko da ɗakin yara ne ko gidan maƙwabci. Ta biyu ita ce albarushin gargajiya da mafarauta da 'yan sa-kai da masu bindigar hawan salla ke amfani da shi. Wannan baƙin gari na gawayi da farar wuta da kanwar bindiga ya sha bamban da garin harsashin zamani. Tartsatsi ɗaya ya ishe shi, kuma idan yana da yawa a wuri guda, musamman a cikin gwangwani ko akwatin ƙarfe da aka toshe, tashi yake yi baki ɗaya. A tsarin da aka ambata, yana cikin rukuni mafi haɗari. A yau da matsalar tsaro ta sa ƙauyuka da yawa suka koma dogaro da bindigar toka, ajiye albarushi a ɗakin kwana ko kusa da madafi wasa ne da rayukan iyali.

Rumbun soja kuwa wata duniya ce daban. A can ake ajiye harsasan igwa da rokoki da gurneti da nakiyoyi da bama-baman da jiragen yaƙi ke jefawa. Da yawansu suna rukuni na 1.1, wanda idan ɗaya ya tashi yakan tayar da sauran a lokaci guda, ko rukuni na 1.2, wanda ke fashewa ɗaya bayan ɗaya yana cilla ɓaraguzan ƙarfe da makaman da ba su fashe ba zuwa nesa. Roka tana ɗauke da abin da ke tura ta a jikinta, ba ta buƙatar bututu kafin ta tashi, don haka gobara na iya aika ta cikin unguwar da ke da nisan kilomitoci. Ƙa'idar da masu kashe gobara ke bi a duniya game da rukuni na 1.1 a fili take: ana yaƙar wuta ne kafin ta isa ga kayan, da zarar ta isa sai a janye kowa. Littafin jagorar agajin gaggawa da ake amfani da shi a Amurka da Kanada ya ce a kwashe mutane har nisan mita 1,600 ta kowace fuska idan wuta ta kama motar da ke ɗauke da irin wannan kaya. Ma'ana, ranar da rumbu ya kama, jarumtakar 'yan kwana-kwana ba ta da sauran amfani mai yawa. Abin da aka yi ko aka kasa yi shekaru kafin ranar shi ke yanke yawan gawarwakin da za a ƙirga.

Bugu da ƙari, ba sai wuta ta zo daga waje ba. Garin da ke tura harsasan igwa da rokoki ana yin sa ne da sinadarin naitiroselulos, wanda a ɗabi'arsa yake ruɓewa sannu a hankali tun daga ranar da aka ƙera shi. Masana'antu kan gauraya shi da wani sinadari mai tsotse gubar da ruɓewar ke fitarwa, amma wannan sinadari ƙarewa yake yi. Idan ya ƙare, ruɓewar takan ƙara wa kanta sauri, ta haifar da zafi a cikin garin, har ya kama da wuta shi kaɗai ba tare da ashana ko tartsatsi ba. Zafin wuri na gaggauta wannan aiki. Ƙiyasin da masana makamai ke aiki da shi shi ne, duk ƙarin digiri 10 a kan digiri 30 yana ninka saurin lalacewar aƙalla sau biyu. Makamin da aka ƙera da lissafin zai yi shekaru masu yawa a rumbun ƙasa mai sanyi, rayuwarsa gajeruwa ce a cikin kwantenar ƙarfe ko ɗakin kwano a rana ta Sahel, inda zafin ciki ke zarce na waje nesa ba kusa ba. Haka nan farin fosfaras da ake ɗurawa a wasu harsasan hayaƙi yana narkewa a wajen digiri 44, kuma da ya tsiyayo ya haɗu da iska sai ya kama da wuta.

Saboda haka, idan hukuma ta ce zafi ne ya jawo fashewa, ta faɗi rabin magana. Sauran rabin shi ne ko ana gwada garin makaman lokaci zuwa lokaci don a san sauran ƙarfinsa, ko an ware waɗanda suka tsufa an lalata su, ko an yi musu rumfa da hanyar shan iska, ko an raba masu kama wuta da masu fashewa. Makaman da aka kula da su suna jure zafi. Waɗanda aka jibge aka manta da su ne zafi ke tona wa asiri.

Najeriya ba ta buƙatar a ba ta labarin abin da sakaci a wannan fanni ke haifarwa. A ranar Lahadi 27 ga Janairun 2002, wuta ta isa rumbun makamai na Barikin Ikeja a Legas, bayan da ta tashi, kamar yadda rahotannin lokacin suka nuna, daga wata kasuwa da ke gefen wurin. An shafe sa'o'i bama-bamai na tashi, rokoki da ɓaraguzai na faɗawa a kan gidaje da masana'antu, gilasan tagogi na tarwatsewa a unguwanni masu nisa. Fiye da mutum 1,000 suka rasu, dubbai suka rasa matsuguni. Kwamandan barikin, Birgediya Janar George Emdin, ya fito ya nemi gafarar jama'a, ya kuma bayyana cewa tsohon rumbu ne mai ɗauke da manyan bama-bamai, an fara yunƙurin gyara shi amma tsautsayin ya riga hukumomin sama yin abin da ya kamata.

Abin da ya fi ciwo a labarin Ikeja shi ne yawancin mamatan ba bam ne ya kashe su ba. Jama'a sun ji ƙara ba su san daga ina take ba, wasu suka ce juyin mulki ne, wasu suka ce yaƙi ya ɓarke. Babu jiniyar gargaɗi, babu muryar hukuma da ta gaya musu inda za su nufa a kan lokaci. Dubban mutane suka ruga cikin duhu zuwa wajen Oke-Afa, inda wata babbar magudanar ruwa take lulluɓe da kainuwa har ta yi kama da fili. Na gaba suka afka, na baya suka danno su. Ɗaruruwa suka nutse, da yawansu mata ne da ƙananan yara. Rashin sani ya kashe mutanen da fashewar kanta ba ta kai gare su ba, kuma wannan darasi ne da ba ya buƙatar kasafin biliyoyi kafin a yi aiki da shi.

Hatta bayan wutar ta mutu, haɗarin bai mutu ba. Sai a watan Oktoban 2023, fiye da shekara 21 bayan aukuwar lamarin, Babban Hafsan Sojan Ƙasa na lokacin, marigayi Laftanar Janar Taoreed Lagbaja, ya ƙaddamar da aikin kwashe ragowar makaman da ba su fashe ba daga wurin da abin ya faru, kuma an tono ɗaruruwansu. An yaba wa rundunar da ta yi aikin. Amma jinkirin da kansa shaida ne a kan matsayin da ake ba wannan batu: jaririn da aka haifa a barikin a shekarar fashewar ya girma ya isa aure bama-baman suna nan kwance a cikin ciyawa.

Sauran ƙasashen Afirka ma sun sha wannan ɗaci, kuma labaransu kusan iri ɗaya ne. A watan Maris na 2007 rumbun Malhazine a Maputo, babban birnin Mozambik, ya tashi ya kashe kimanin mutum 100, hukumomi suka ɗora laifin a kan zafi da tsufan makamai. A Darussalam ta Tanzaniya abin ya faru sau biyu cikin ƙasa da shekara biyu, a Mbagala a 2009 da Gongo la Mboto a 2011. A ranar 4 ga Maris 2012 rumbun unguwar Mpila a Barazabil ya hallaka kusan mutum 300, ya raunata fiye da 2,000, ya rushe unguwanni. A ranar 7 ga Maris 2021 barikin Nkoantoma a birnin Bata na Ekwatoriyal Gini ya tashi, fiye da mutum 100 suka mutu, Shugaba Teodoro Obiang ya danganta lamarin da sakaci wajen ajiyar nakiya da kuma wutar da manoma suka cinna a gonakin da ke kusa. A maƙwabta kuma akwai na unguwar Goudji a Njamena, daren 18 ga Yunin 2024, inda gwamnatin Chadi ta ce mutum 9 sun mutu, 46 sun ji rauni. Cibiyar bincike ta Small Arms Survey da ke Siwizalan ta tattara bayanan irin waɗannan fashe-fashe fiye da 600 a ƙasashe fiye da 100 tun daga 1979. Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Gemun Najeriya ya riga ya taɓa ƙonewa.

Musabbabin wutar ya bambanta daga wuri zuwa wuri: nan kasuwa, can wayar lantarki, can kuma ƙunar daji. Abin da ya haɗa su, wanda kuma ya mayar da gobara annoba, shi ne kusancin rumbu da gidajen mutane. Yawancin barikokin ƙasar nan an gina su ne a bayan gari, a zamanin da Legas da Kano da Kaduna da Maiduguri ba su kai rabin girmansu na yau ba. Gari ya yi ta tafiya har ya haɗiye su. Barikin Bukavu a Kano, da na Ikeja, da na Giwa, duk yanzu unguwanni ne ke kewaye da su, ga makarantu da kasuwanni da gidajen mai. A cikin barikokin kansu ma akwai matan sojoji da 'ya'yansu, waɗanda su ne farkon shiga haɗari.

Nisan da ya kamata a bari ba abu ne na ƙiyasin ido ba, lissafi ne sananne. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na kula da harsasai da bama-bamai, waɗanda aka fitar a 2011, sun tanadi yadda ake auna tazara tsakanin rumbu da gidan da mutane ke zaune, gwargwadon nauyin abin fashewar da ke ciki. A bisa wannan lissafi, ɗakin da ke ɗauke da tan 10 na kayan rukuni na 1.1 yana buƙatar tazarar kusan mita 480, mai tan 100 kuwa fiye da kilomita ɗaya. Wannan lissafi yana aiki ta fuska biyu. Inda ba za a iya matsar da gidaje ba, sai a rage abin da ke cikin ɗakin har ya dace da tazarar da ake da ita. Kowane ɗakin ajiya ya kamata ya kasance da takardar izini da ta ƙayyade iyakar abin da zai ɗauka, a raba ɗakunan da tudun ƙasa ta yadda tashin ɗaya ba zai tayar da na kusa da shi ba, a nome ciyawar da ke kewaye kafin hunturu ya busar da ita, a kafa maganin tsawa, a hana shiga da ashana ko taba. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ya fi ƙarfin ƙasar da ke ware wa tsaro tiriliyoyin naira a kowace shekara.

Za a iya cewa, kuma da hujja, ƙasar da ke cikin yaƙi ba za ta kai makamanta can cikin daji ta bar su ba. Sojan da ke Maiduguri yana buƙatar harsashinsa a kusa, kuma rumbun da ke keɓe yana iya zama ganima ga 'yan ta'adda, waɗanda suka taɓa kai wa Barikin Giwa kansa hari a watan Maris na 2014. Wannan damuwa ce ta gaskiya, amma maganinta sananne ne ga kowace runduna: a bar wa bariki abin da zai buƙata na ɗan lokaci, a kai babban kaso wurin da aka gina musamman domin haka, mai tazara da tsaro. Mafi muhimmanci, makamin da ya tsufa ya lalace ba ya kare kowa. Ba zai yi aiki a fagen daga ba, a rumbu kuma barazana ne ga masu gadinsa. Haka ma makaman da ake ƙwatowa daga hannun 'yan ta'adda da 'yan bindiga, waɗanda ba a san shekarunsu ko irin wahalar da suka sha ba, bai dace a haɗa su ɗaki ɗaya da kayan runduna ba, balle a jibge su a ɗakin ajiyar shaidu na ofishin 'yan sanda da ke tsakiyar kasuwa.

Za a kuma ce sha'anin makamai sirri ne. Babu mai neman a buga wa duniya yawan rokokin da ke kowane bariki. Amma akwai bambanci tsakanin sirrin abin da ke cikin rumbu da haƙƙin maƙwabci na sanin cewa gidansa na cikin da'irar haɗari, da sanin hanyar da zai bi idan jiniya ta yi kuka. Rumbun da ya tashi ba ya ɓoye wa kowa sirrinsa. Ɓoye wa jama'a abin da zai cece su ba ya ƙara wa ƙasa tsaro ko kaɗan, abin da yake karewa kawai shi ne jami'in da bai yi aikinsa ba.

Nauyin bai tsaya a kan soja kaɗai ba. A daren 16 ga Janairun 2024, unguwar Bodija a Ibadan ta girgiza, gidaje suka rushe, mutum 5 suka mutu, 77 suka ji rauni. Gwamna Seyi Makinde ya ce nakiyoyin da masu haƙar ma'adinai ba bisa ƙa'ida ba suka ɓoye a wani gida ne suka tashi. Dokar da ke kula da irin waɗannan kaya an kafa ta ne tun 1964, ta bindigogi kuma tun 1959, a zamanin da babu wanda ya hango yadda haƙar zinare da fasa duwatsu za su bazu a Zamfara da Neja da Nasarawa da Osun. Duk nakiyar da ta kwana a cikin unguwa ta bi ta hannun wani mai lasisi, ta ratsa shingayen bincike, ta shiga gidan da wani ya bayar haya. Matuƙar ba a bin sawun kowane kwali daga tashar jiragen ruwa ko masana'anta zuwa ramin da aka fasa shi, Bodija ba za ta zama ta ƙarshe ba.

Najeriya ta riga ta ɗaukar wa kanta alkawura a rubuce. Yarjejeniyar ECOWAS kan ƙananan makamai, wadda aka sanya wa hannu a Abuja a 2006, ta wajabta wa ƙasashe kula da rumbunansu da kyau da kuma lalata rarar da ba a buƙata. A watan Disamban 2023 Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da wani tsari na duniya kan kula da harsasai da bama-bamai tun daga ƙera su har zuwa lalata su. A cikin gida kuma akwai Cibiyar Hana Yaɗuwar Ƙananan Makamai da ke ƙarƙashin Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro. Takardu da ofisoshi sun wadata, aiki da su ne ya yi ƙaranci.

Don haka wajibi ne Hedikwatar Tsaro ta gudanar da binciken ƙwararru a kan kowane rumbun makamai na sojan ƙasa da na sama da na ruwa, haɗe da na 'yan sanda da kwastan da sauran hukumomi masu riƙe da bindiga, a tantance abin da ya tsufa a lalata shi, a kuma sanya wa'adin kwashe manyan makamai daga barikokin da gari ya kewaye. Kwamitocin tsaro na Majalisar Dattawa da ta Wakilai, waɗanda suka fi mayar da hankali kan sayen sababbin makamai, ya kamata su buƙaci rahoton wannan bincike ko da a zaman sirri ne, su kuma ware kuɗin ajiya da gwaji da lalatawa a layi na musamman cikin kasafi. Sayen makami ba tare da tanadin inda za a ajiye shi da yadda za a rabu da shi ba, rabin ciniki ne. Haka kuma duk lokacin da rumbu ya kama da wuta, a bayyana wa jama'a taƙaitaccen sakamakon bincike, domin kalmar tsautsayi kada ta zama bargon da ake lulluɓe sakaci da shi.

Gwamnonin jihohi su ma da nasu kason. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamnanta, kuma ma'aikatun filaye ne ke ba da takardun mallaka da izinin gini. Bai kamata a sake yanka fuloti ko a ba da izinin makaranta ko gidan mai a jikin katangar rumbu ba tare da an tuntuɓi rundunar da abin ya shafa ba. Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa da takwarorinta na jihohi da hukumomin kashe gobara su zauna da kwamandojin barikoki su tsara hanyoyin ficewa da wuraren taruwa, a sanar da masu unguwanni da limamai da fastoci da shugabannin makarantu, a riƙa gwada shirin a aikace aƙalla sau ɗaya a shekara, a kuma yi tanadin yadda gidajen rediyo za su isar da saƙo cikin mintuna da harshen da mutane ke ji.

Shi ma ɗan ƙasa akwai abin da ke hannunsa. Mai bindigar da doka ta ba shi izini ya cire harsashi kafin ya ajiye ta, ya raba ta da harsasan, ya nisanta albarushi da murhu da janareta da jarkar fetur, kuma idan gobara ta tashi ya gaya wa masu kawo ɗauki abin da ke cikin ɗakin tun kafin su shiga. Wanda ya ji rumbu na tashi ya nisanci tagogin gilashi, ya fice ta hanyar da ya sani, kada ya nufi wurin don kallo ko ɗaukar hoto da waya. Bayan an lafa, duk wani baƙon ƙarfe da aka tsinta a tsakar gida ko gona a bar shi inda yake a kira hukuma, a kuma ja kunnen yara da 'yan gwangwan, domin makamin da wuta ta gasa bai fashe ba ya fi sabo saurin tashi. Mai gidan haya da maƙwabci da suka ga ana shigar da kwalayen da ba a yarda kowa ya taɓa ba, su sani shirunsu na iya cin unguwa.

Zafin bazara zai dawo a watan Maris kamar yadda ya saba, hunturu zai busar da ciyawa kafin sa, garuruwa kuma ba za su daina matsowa kusa da katangun barikoki ba. Lokacin ƙirga abin da ke cikin rumbuna, da auna tazararsu da gidaje, da gaya wa maƙwabta hanyar tsira, shi ne yanzu da babu hayaƙi a sama. Mutanen da aka binne a Oke-Afa sun riga sun biya kuɗin wannan darasi, ba daidai ba ne a sake karɓar sa daga hannun wata unguwa.